Yaya zan auna yawan ciyawar da ke cikin hoto da histogiram?

Ɗan Adar ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina Tawa, shekarar ƙarshe a karatun aikin gona, kuma kundin da zan kare a kan rabin wata ne, ramukan nan na tare ruwa da ake haƙawa a kan fako. Wurin aikina wani tudu ne a yankin Badagishiri, ƙasa ja mai tauri, tsakuwa baƙa ta bazu ko'ina. Bara mutanen gari suka haƙa rabin wata a gefe guda suka watsa irin kyasuwa da gamba, ɗaya gefen aka bar shi yadda yake. Malamina yana so in faɗi da lamba: kashi nawa cikin ɗari na ƙasa ciyawa ta rufe a nan, kashi nawa ta rufe a can.

Na je wurin mai walda ya haɗa mini murabba'in ƙarfe, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, na shafa masa farin fenti. Ƙarshen watan Agusta na kwana biyu a garin, ina aza ƙarfen a ƙasa ina ɗaukar hoto daga sama da wayata. Hoto 60 na samu, 30 a gefen da aka gyara, 30 a fakon da ba a taɓa ba.

Da farko da ido muka fara kimantawa, ni da wani abokin karatuna. Hoto guda muka kalla, na ce kashi 30, shi ya ce 50. Muka sake wani, na ce 60, ya ce 45. Nan hankalina ya tashi, don idan mu biyu ba mu daidaita ba, ranar kare kundi me zan ce wa malamai uku?

Sai wani ya ce mini akwai abin da ake kira histogiram cikin GIMP, wata manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, yana ƙirga ɗigon hoto. Na sa GIMP a kwamfutata, na buɗe hoton farko, na buɗe histogiram ɗin, na ga wani abu kamar tsauni, da lambobi shida a ƙarƙashinsa. Na shiga Couleurs na taɓa Seuil, wato abin da ke sa iyaka ya raba duhu da haske, hoton ya koma baƙi da fari, ciyawar ta yi baƙi. Na ƙirga baƙin, ya ba ni kashi 71. Ni da na tsuguna a wurin nan da ƙafata, na san ko rabi ciyawar ba ta rufe ba.

Don Allah masu sani, me wannan tsaunin yake ƙirgawa? Wace lamba ce zan karanta cikin shidan? Kuma ina na kauce har na samu 71? Komawa in sake ɗaukar hoto ba zai yi ba, damina ta ja baya, ciyawar ta fara rawaya, dabbobi ma sun shiga. Hotunan nan 60 su ne duk abin da nake da shi na bana.

Mai Zane ta Yamai ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, hotunanka ba su lalace ba. Ni aikina zane da buga takardu a nan Yamai, histogiram nake kallo kullum in san yawan tawadar da aiki zai sha kafin in yanka wa mai shi kuɗi.

Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo ana ce masa fiksel. Hoton waya mai faɗin 4,000 da tsawon 3,000 yana da fiksel miliyan 12. Kowane fiksel yana da lambar haskensa, daga 0 wato baƙi ƙirin, zuwa 255 wato fari fat. To ka ɗauka an ba ka tiyar wake mai gauraye, aka jera maka kwanuka 256, aka ce kowace ƙwara ka jefa ta a kwanon da ya dace da haskenta. In ka gama, wani kwano ya yi tozo, wani ƙwara uku ce a ciki. Tsaunin da ka gani shi ne tozon kwanukan a jere, baƙi a hagu, fari a dama. (A wasu GIMP za ka ga 0 zuwa 1 maimakon 0 zuwa 255, duk abu ɗaya ne.)

Ka lura da abu guda: kwano bai san daga ina ƙwarar ta fito ba. Fiksel mai duhu na ganyen kyasuwa, da na tsakuwa baƙa, da na inuwar da ciyawa ta yi a ƙasa, duk kwano ɗaya suke faɗawa. Nan 71 ɗinka ta fito. Ka raba hoton da haske da duhu, alhali abin da ya bambanta ciyawa da ƙasarku launi ne.

Ga yadda zan yi in ni ce. Ka fara yanke hoton ya zama cikin murabba'in ƙarfen kaɗai, kada ƙarfen ya shiga, kada takalminka ya shiga. In ba ka yanke ba, kason da za ka samu na hoton ne gaba ɗaya, ba na mitar da ka auna ba. Sannan ka shiga Couleurs, Composants, Décomposer, ka zaɓi LAB. Zai ba ka sabon hoto mai falle uku, wato hotuna uku a jibge ɗaya kan ɗaya, L da A da B. Fallen L haske ne da duhu, ka ƙyale shi. Fallen A shi ne naka, don shi ke auna daga tsanwa zuwa ja: abin da yake tsanwa ya yi duhu, abin da yake ja ya yi haske, abin da ba shi da launi, irin baƙin dutse da inuwa, ya tsaya wajen tsakiya. Ƙasarku ja ce, ai ta yi maka gata.

Ka danna fallen A ɗin, ka tabbata shi aka zaɓa, don histogiram na GIMP fallen da kake kai yake ƙirgawa. Yanzu ka duba tsaunin. In Allah ya so za ka ga tudu biyu da kwari a tsakaninsu, na hagu ciyawa, na dama ƙasa da duwatsu. Ka buɗe Seuil ka ja alamar zuwa cikin kwarin nan, kana kallon hoton asali a gefe, har baƙin ya hau kan ciyawar daidai. Ka danna amincewa. Daga nan kwano biyu kaɗai suka rage, 0 da 255.

Lambobin kuwa, uku na farko, Moyenne da Écart type da Médiane, ba ruwanka da su a wannan aiki. Pixels shi ne jimillar fiksel ɗin da ke cikin fallen. Ka ja linzami a kan rabin hagu na histogiram, Compte zai gaya maka nawa ne baƙi, Pourcentage kuma ya yi maka rabon da kansa. Amma ka rubuta duka biyun, Compte da Pixels, ka raba da hannunka, don malamai za su so su ga inda lambar ta fito.

Ga masu Photoshop, haka yake, sai dai in kun ga wata ƴar alama mai kusurwa uku a kan histogiram ku danna ta tukuna. Kafin a danna, ƙirgan daga ƙaramin kwafin hoton yake yi don sauri, lambar fiksel ba ta cika ba.

Tambaya ɗaya: ta ina hotunan suka shiga kwamfuta? In ta WhatsApp ka tura su a matsayin hoto, an matse su, siririn ganye ya narke cikin ƙasa. Ka ɗebo na asali daga wayar da kebul.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Abin da ɗiyata ta Yamai ta faɗa maka na kwamfuta ba zan ƙara komai a kai ba, ta fi ni saninsa. Ni na daji zan faɗa maka.

Lokacin da aka buɗe furojen raya karkara na Keita a 1984 muna samari, ba hoto ba kwamfuta a bakin aiki. Igiyar awo muke ja mai mita 10, kowane santimita 10 mu sauke siririn ƙarfe a tsaye, abin da ya taɓa mu rubuta: ciyawa, dutse, ƙasa tsirara, busasshen kara. Ɗigo 100 ke nan, in 34 sun taɓa ciyawa, ciyawa ta rufe kashi 34. Wannan histogiram naku, yadda na fahimta, shi ne aikin nan namu, sai dai ɗigonsa miliyoyi ne kuma ba ya gajiya. Amma mu idonmu na kan abin da ƙarfen ya taɓa, shi kuwa launi kawai yake gani. Saboda haka kada ka yarda da shi sai ka jarraba shi. Ka ɗauki hoto biyar ko shida, ka raba kowane gida 100, ka duba tsakiyar kowane gida da idonka ka ƙirga. In lambar ta zo kusa da ta na'ura, to ka samu hujjar da za ka tsaya a kanta gaban malamanka.

Sai abin da ya fi damuna. Tsanwa ba duka ce abinci ba. Garmani ya cinye mana makiyaya da yawa a ƙasar nan, dabba ba ta sonsa, amma a hoto tsanwa ne shar kamar kyasuwa. In ka rubuta cewa fako ya rufu kashi 40, alhali rabinsa garmani ne, makiyayin da ke wurin ba zai gane maganarka ba. Ka buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya ka rubuta irin tsiron da ya fi yawa a gefen kowace lamba. Haka busasshiyar ciyawar bara da ta kwanta a ƙasa: ba tsanwa ba ce, na'ura za ta jefa ta cikin ƙasa tsirara, ita kuwa tana tare ƙasar daga iska da dukan ruwa.

Yaya ka riƙe wayar? In a karkace ka ɗauka, gamba mai tsawo za ta kwanta a kan ƙasar da ke bayanta ta ɓoye ta, lambar ta kumbura. Da wane lokaci ka ɗauka? Hasken hantsi da na la'asar ba ɗaya ba ne a kan jar ƙasa.

Kuma ina ka aza ƙarfen naka? Wannan ka ba ni amsa da gaskiya. Rabin wata mai faɗin mita 4, cikinsa bai fi murabba'in mita 6 da ƴan kai ba. Ka'idar da aka saba kusan 313 ne a hekta guda. Ka lissafa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na filin ke nan. Sauran huɗun tsakanin ramuka ne, inda ruwa ke gangarowa. Ciyawa a cikin rami take taruwa, hannun mutum kuma inda ya yi kyau yake son aza ƙarfe. Na ga wannan sau da yawa, ni ma ya taɓa samuna ina yaro.

Ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni ya amsa:

Abokina, hoto 60 da hannu a GIMP za ka sha wuya, amma zai yiwu. Mu a nan Yamai wata manhaja, ImageJ, muke amfani da ita wajen awon ganye. Kyauta ne, hukumar binciken lafiya ta Amurka ce ta fitar da shi tun 1997, kuma ba ya da nauyi a kwamfuta. Yana da hanyar Otsu, wadda wani masanin Japan ya wallafa a 1979, ita ke nemo iyakar da ta fi raba tudun biyu da kanta, ba sai ka ja da hannu ba. Amfaninta a kundi shi ne ba wanda zai ce ka tura alamar inda kake so. Sai dai a hoton da ciyawa ƴar kaɗan ce, irin na fakonka, takan ɓata, don tudu ɗaya ne kawai a wurin.

Don baɗi kuma akwai Canopeo, ta waya, daga jami'ar jihar Oklahoma. Ka ɗauki hoto nan take ta ba ka kason tsanwa. Ita ma ƙirgan fiksel take yi, tana duba inda tsanwa ta rinjayi ja da shuɗi.

Ɗan Adar ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Kwana uku ke nan ina kan aikin, ga abin da ya faru.

Yaya, kin gano ni. Ta WhatsApp na tura su. Da na ɗebo na asali da kebul na ƙara girman hoto ɗaya a allo, sai ga ganyen kyasuwa siriri da bakinsa tsaf, alhali a na WhatsApp ya zama wani dusu-dusu tsakanin tsanwa da ja. Na koma hoton nan da ya ba ni 71. Na miƙe kusurwoyin ƙarfen don ya ɗan karkace, na yanke cikinsa, na mai da shi 2,400 faɗi 2,400 tsawo, fiksel 5,760,000 ke nan. Na raba shi LAB, na hau fallen A. Wallahi sai da na tsaya ina kallo: tsakuwar nan baƙa da ta cika hoton ta dishe ta haɗe da ƙasa, ciyawar kuma ta fito baƙa ita kaɗai, har wani ɗan tsiro da ke laɓe a gindin dutse wanda ban lura da shi ba a hoton asali. Tudu biyu kamar yadda kika ce. Na sa iyaka a kwarin, Compte ya ba ni 1,961,215. Na raba da 5,760,000, kashi 34 da ɗan ɗoriya. Tunda mita ɗaya ta zama fiksel 2,400, kowane santimita fiksel 24 ne, murabba'insa 576, ciyawar ta rufe wajen murabba'in santimita 3,405 cikin 10,000.

Baba, na yi jarrabawar da kuka ce. Na raba hoton gida 100 na bi tsakiyar kowane da ido, 36 suka faɗa kan ciyawa. Na yi wa wasu biyar haka. Huɗu sun zo kusa, tazarar ba ta wuce 3 ba. Ɗaya ya kauce da 9, kuma na gane dalili: da la'asar na ɗauke shi, inuwata ta rufe kusan rabinsa, ciyawar da ke cikin inuwar launinta ya mutu har na'ura ta lissafa ta da ƙasa. Na duba sauran, hoto bakwai ne haka. Su da ido zan ƙirga su, in rubuta a kundin cewa haka na yi.

Na lura kuma iyakar da ta dace da hotunan safe ba ta zauna daidai a na rana tsaka, sai na ɗan matsa ta. Don haka na buɗe shafi ina rubuta lambar hoto, lokacin da aka ɗauke shi, iyakar da na sa, Compte, Pixels, da tsiron da ya fi yawa. Garmani na same shi a hoto 11, guda 4 daga ciki shi ne ma ya rinjaya.

Maganar inda na aza ƙarfe kuwa, Baba, gaskiyarku ce, kuma ta hana ni barci daren farko. Cikin 30 na gefen da aka gyara, 22 a cikin rami na aza, 8 kaɗai a tsakanin ramuka. Ban yi don in kumbura lamba ba, idona ne ya bi inda ciyawa take. Da na haɗa su duka na ba da lamba ɗaya, da na ce tudun nan ya rufu fiye da yadda yake, kuma mutanen da suka sha rana suna haƙa da diga ba su cancanci a yi musu ƙarya a kan aikinsu ba, ko da ƙaryar ta yabo ce. Na je na sami malamina na faɗa masa. Ya ce in raba su kashi biyu, na cikin rami daban, na tsakani daban, in auna faɗin da ramukan suka ci a filin, sannan in fitar da lambar hekta daga nan. Ramukan suna nan ba inda suka je, ko da rani zan iya auna su. Ranar kasuwar Badagishiri mai zuwa zan bi mota in je da igiyar awo.

Abin da ya rage mini shi ne busasshiyar ciyawar da ta kwanta. A fallen A ta haɗe da ƙasa, na gwada fallen B, mai auna daga shuɗi zuwa rawaya, shi ma bai raba su sosai ba, don rawayarta ta yi kusa da launin yashin da ruwa ya tara a bakin rami. Yaya, ko akwai wata dabara?

Mai Zane ta Yamai ta amsa:

Madalla ƙanena. Busasshiyar kam launi ba zai raba maka ita ba. Ka ƙara sabon falle a kan hoton, ka cika shi da fari, ka rage masa kauri yadda za ka riƙa hango na ƙasa. Ka ɗauki Crayon, wato fensir, kada ka ɗauki Pinceau, wato burushi, don Crayon bakinsa tsaf yake ba ya barin toka-toka a gefe. Ka bi duk inda busasshiyar take ka shafe da baƙi, sannan ka ƙirga baƙin a histogiram na wannan fallen kamar yadda ka yi ɗazu. Zai ci maka lokaci, don haka ka fara da na tsakanin ramuka guda 8, ka turo mini ɗaya ta WhatsApp a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, in ga yadda hannunka ya bi.